Hannun Wa Aka Auna? Daga Alƙalamin Kara Zuwa Kilabiye a Damagaram

Duk wanda ya taɓa shiga wurin sezi a watan da ɗalibai ke shirin kare memuwar ya san abin da zan faɗa. Ɗaki ƙarami, fanka na juya iska mai zafi, injin fotokopi na ta aman takarda, ga yarinya ko saurayi zaune gaban kwamfuta tun ƙarfe takwas na safe. Ka lura da hannunsa. Bayan kowane shafi biyu ko uku sai ya tsaya ya yarfa shi, ya matsa wuyan hannun, ya sake duƙawa. In ka ce masa sannu, sai ya ce, "Ai aikin ke nan." Ni ma bara da na ce da kaina zan buga aikina, shafi sittin da ƴan kai, sai da ƙaramin yatsana na hagu ya yi kwana uku yana zugi. Na ɗauka hannuna ne raggo. Sai daga baya na gane ba a taɓa auna abin da nake dannawa da hannuna ba, balle da harshena.

Abin da nake so mu duba ke nan, ƴan'uwa. Allon madannai, wanda mu a nan muka fi kira kilabiye, yana da tarihi, kuma tarihin ya ratso ta garin nan namu. Wanda ya san shi, in ya je saye ba a kansa za a juye kowane tarkace ba.

Lokacin da marubuci ke fiƙe abin rubutunsa

Mu koma zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. A lokacin Damagaram mahaɗa ce: ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo Agadas nan yake sauke kaya kafin ya wuce Kano, wata hanyar kuma ta yi gabas zuwa Kukawa, fadar Shehun Borno. Turawan farko da suka leƙo, James Richardson a farkon 1851 da Heinrich Barth a ƙarshen 1852, ta waɗannan hanyoyi suka iso. Cikin kayan da raƙuma ke kawowa har da takarda, musamman mai tambarin jinjirin wata uku da ake yi a Italiya. Sarauta da fatauci ba sa tafiya sai da wasiƙa, wasiƙa kuwa sai da malami.

Malamin nan takardarsa ta ƙetaro hamada, amma alƙalaminsa na gida ne. Kara ne ko gamba. Shi zai zaɓa, ya yanke daidai tsawon da yake so, ya sa wuƙa ya fiƙe bakin, ya tsaga. Mai babban hannu ya ɗauki kauri, mai son siririn rubutu ya ƙara fiƙa. In baki ya dakushe, minti biyu ya gyara. Tawada ma shi ke haɗawa, da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro. Har yau ka je kowace makarantar allo a Birni ko Zango za ka ga almajiri na yin haka. Ba wanda ke cewa yaro ya gyara yatsunsa su dace da alƙalami. Alƙalamin ake gyarawa.

Haruffan ma haka aka yi musu. Wasiƙun fada da Larabci aka fi rubuta su, amma da malamai suka so rubuta Hausa da ajami, sai suka tarar akwai sautukan da Larabci ba shi da su. Ba su ce a haƙura ba. Suka ɗauki ƙaf suka ba ƙ, suka ɗauki ɗa mai hannu suka ba ɗ, suka ƙara mata ɗigo uku ta zama ts. Tun da alƙalami na hannunka, ƙara ɗigo ba ya buƙatar izinin kowa.

Kar dai a ce ina yabon da ne kawai. Mai kwafar Alƙur'ani da ke wata da watanni duƙe kan buzu, takarda bisa gwiwa, baya da idanu suna gaya masa. Wannan ciwo tsoho ne kuma ko'ina akwai shi. Wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a a 1700, a bugun 1713 kuma ya ƙara babi kan magatakarda. Ya ɗora laifin a kan abu uku: yawan zama, maimaita motsi iri ɗaya da hannu, da tattara hankali wuri guda ba hutu. Shekara ɗari uku ke nan, amma kamar ya leƙa wurin sezin unguwarmu. Bambancin shi ne malamin da yana da iko kan kayan aikinsa. Wannan ikon ne ya kuɓuce mana.

Keken rubutu ya shigo bayan bindiga

A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a nan, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedkwatar ƙasar, kafin Gwamna Jules Brévié ya mayar da ita Yamai. Mulkin Nasara mulkin takarda ne: rahoton haraji, ƙidayar mutane da dabbobi, hukuncin kotu, kowanne da kwafi biyu ko uku. Sai aka sami sabon marubuci, komi, ɗan lakol mai jin Faransanci, zaune kan kujera a biron kumandan. Abin aikinsa kuma, ban da alƙalamin ƙarfe, shi ne keken rubutu, wanda mutanen Kano ke ce wa tafireta.

Keken nan daga ina? Daga Amurka. Christopher Latham Sholes da abokansa suka ƙera shi a Milwaukee, kamfanin Remington, maƙera bindigogi, ya fitar da shi kasuwa a 1874. Jerin haruffan da ake kira QWERTY, saboda haruffa shida na farkon layin sama, a wannan zamani ya zauna. Masana na gardama kan dalilin da ya sa aka jera su haka, amma abu ɗaya a fili yake: injin aka fi kula da shi. Kowane madanni yana haɗe da sandar ƙarfe, dole sandunan su wuce juna ba karo, shi ya sa aka goce layukan, wannan bai daidaita da na ƙasansa ba. Duba kilabiyen da ke gabanka. Babu sanda ko ɗaya a cikinsa, amma layukan na nan a karkace, gadon injin da ya mutu.

Da keken ya shiga Faransa sai aka ɗan taɓa shi: A da Q suka yi musanyar wuri, Z da W ma haka, M ta hau layin tsakiya, aka cusa é da è da ç da à a layin lambobi. Shi ne AZERTY. Shi Faransawa suka kawo mana, yayin da Ingilishi suka kai QWERTY Kano da Zariya. Iyakar da aka ja tsakanin Damagaram da Daura ba ƙasa kaɗai ta raba ba, har yatsun Hausawa ta raba. Yau ɗalibin da ya koyi bugu a kan kwamfutar sakatariya, in ya ari ta abokinsa da aka sayo a Kano, sai ya ga "qkzqi" inda ya nufi "akwai".

Yanzu ku gwada wani abu. A koyon bugu da yatsa goma, yatsu na hutawa ne a layin tsakiya. A kan AZERTY, ƙaramin yatsan hagu yana kwance kan Q, harafin da Hausa ba ta amfani da shi ko kaɗan. Ita kuwa A, wadda ta fi kowane harafi yawa a Hausa, tana sama, sai yatsan da ya fi kowanne rauni ya miƙa ya taɓo ta. Rubuta "Damagaram": haruffa tara, huɗu A ne. W da muke sha a "wani", "wata", "kowa", "akwai" an jefa ta ƙasa, ƙarƙashin wannan yatsa dai. Aya sai ka haɗa da Shift, lambobi ma haka. Alamar hamza ta "jama'a" da "sa'a" tana can layin lambobi. A kan QWERTY kuwa A tana layin tsakiya, ba miƙa, aya da lambobi dannawa ɗaya ne. Ba don Hausa aka yi shi ba shi ma, dace ne kawai. Amma ga dalilin zugin yatsana.

Haruffa huɗu marasa masauki

Boko ya daɗe yana neman yadda zai rubuta sautukanmu. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. Wasu na sa ɗigo ƙarƙashin harafi, wasu alama a gefe. A shekarun 1930 haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna a littattafan Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A ɓangarenmu Faransawa ba su damu da rubuta Hausa ba, lakol Faransanci ne zalla. Sai bayan ƴancin kai na 1960 aka taso: taron UNESCO a Bamako a 1966 ya zauna kan haruffan harsuna shida, ciki har da Hausa da Kanuri. A 1973 kuma, a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci. A 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa, inda muke rubuta ƴ, maƙwabtanmu kuwa 'y.

An yarda da haruffa a takarda, amma keken rubutu bai san da zaman su ba. Mai buga darasin Hausa sai ya buga k, in ya cire takarda ya bi da bik yana ɗora lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, ko ya sa alama a gefe, ko ya bar su tsirara. In an bar su tsirara kuwa, ƙasa ta zama kasa, baƙi ya zama baki, ɓari ya zama bari, ƙare ya zama kare. Mai karatu ke biyan kuɗin, da zato.

An yi ƙoƙarin magance abin, kuma sunan ƙasarmu na ciki. A 1978 UNESCO ta tara masana a Yamai suka tsara jerin haruffa na bai-ɗaya don harsunan Afirka. A 1982 masana biyu, Michael Mann da David Dalby, suka faɗaɗa jerin, suka kuma zana allon keken rubutu da aka laƙaba wa sunan Yamai. To amma madannan keke ƙidayayyu ne. Don sabbin haruffa su sami wuri, sai aka sadaukar da manyan baƙaƙe gaba ɗaya. Wa zai sayi keken da ba zai rubuta sunan mutum da babban baƙi ba? Haka ya tsaya a takarda.

Kwamfuta ce ta kwance wannan ƙulli. Tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambarsu, manya da ƙanana. Madanni ya daina zama ƙarfe mai harafi ɗaya, ya zama mai aika saƙo, kai ke gaya wa na'ura me saƙon ke nufi. Wato wuƙar fiƙe alƙalami ta dawo hannunmu. Yawancinmu ne ba mu san tana aljihunmu ba.

Masu kayan ma sun koka

Kar ku ɗauka mu kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya. A 1926, shekarar da aka ɗauke mana hedkwata, wani Bajamushe mai suna Klockenberg ya nuna cewa allon keke na tilasta wa mai bugu ya haɗe hannaye wuri guda ya karkatar da wuyansu waje, ya ba da shawarar a raba allon gida biyu. A 1936 August Dvorak ya yi rajistar wani jeri a Amurka da ya tara wasula duka a layin tsakiya ƙarƙashin hannun hagu. A 1977 Lillian Malt da Stephen Hobday suka fito da Maltron a Ingila, mai rami biyu kamar ƙwarya, kowane hannu da nasa. A shekarun 1980 ciwon hannu na masu bugu ya zama babbar magana a ofisoshin Ostireliya. A 1994 Microsoft ya fitar da Natural Keyboard, rababbe mai tudu a tsakiya, wanda ya kai wannan tunani kasuwa.

Su duka abu uku suke yaƙa: karkatar wuyan hannu zuwa gefen ƙaramin yatsa, ɗagewarsa sama, da kifewar tafi. A wuyan hannu akwai wata ƴar ƙunƙuntar hanya da jijiyoyin yatsu ke bi tare da jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da maƙwabtansa. In hannu ya daɗe a lanƙwashe, matsi na ƙaruwa a wurin. Likitoci na muhawara kan yawan laifin bugu shi kaɗai a wannan ciwo, amma ba mai musun cewa hannu a miƙe ya fi hutawa.

Abin dariyar ma, su Faransawan sun gaji da AZERTY. A farkon 2016 ma'aikatar al'adunsu ta koka cewa da wuya a rubuta Faransanci daidai da shi, don babu hanya mai sauƙi ta buga É ko Ç ko œ. A 2019 hukumar AFNOR ta fitar da ƙa'ida mai jeri biyu: AZERTY da aka gyara, da wani mai suna BÉPO da aka tsara bisa yawan haruffan Faransanci. Mai riga ya ce ta matse shi ya kai wa tela, mu da muka ara muna cewa daidai take. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

To, wanne za a saya?

Na san ba mai jikkunan da zai yi odar Maltron a cikinmu, kuma ba sai da shi ba. Ga abin da tarihin nan ya koya mini, bi da bi.

Na farko, tambayi kanka wane harshe ka fi bugawa. In memuwar ɗinka Faransanci ce, AZERTY zai sauƙaƙa maka é da è. In Hausa kake rubutawa, labari ko waƙa ko fassara, QWERTY ya fi sauƙi ga yatsu. Yawancinmu biyun muke yi, don haka ka sani abin da aka zana a kan madanni ba hukunci ba ne. A saitin harshe na Windows akwai jerin Hausa: ka riƙe Alt na dama ka danna b, d, k ko y, sai ɓ, ɗ, ƙ, ƴ su fito. An gina shi kan QWERTY, amma haruffan nan huɗu wurinsu ɗaya a alluna biyun. Akwai kuma manhajar Keyman, kyauta. A waya, ka ƙara Hausa cikin Gboard. Ba ko dala, minti biyar ne.

Na biyu, in kwamfutar hannu gare ka kuma kana daɗewa a kanta, ka nemi kilabiye na daban, ko da mai araha. Matsalar ta hannu ita ce allon kallo da madannai a manne suke: in ka gyara wa wuya, hannu ya wahala, in ka gyara wa hannu, wuya ya duƙa. Ɗora ta kan littattafai har saman allon ya zo daidai ido, ka sa kilabiyen a ƙasa.

Na uku, kar ka saya a kwali. Sa mai shago ya jona, ka buga layi biyar. Madanni mai tauri da sai ka doka, bar shi. Wanda ya yi wa hannunka ƙanƙanta har yatsu na gogayya, bar shi. In ba lissafi kake yi ba, wanda ba shi da rukunin lambobi a dama ya fi, don linzami zai matso kusa, kafaɗa ta huta. In ka ci karo da rababbe ko mai ɗan lanƙwasa a kayan gwanjo, kuma kana bugu da yatsa goma, gwada shi, amma ka ba kanka sati biyu kafin ka yanke hukunci. Mai bugu da yatsa biyu yana kallon allo ba abin da zai ƙara masa sai ruɗu.

Na huɗu, tebur da kujera sun fi kilabiyen muhimmanci. Gwiwar hannu ta yi kusurwa daidai, kusa da jiki, wuyan hannu a miƙe, tafin ƙafa a ƙasa. Teburanmu da yawa sun yi tsawo, to ka ƙara matashi a kujera, ka sa bulo ƙarƙashin ƙafa. Ƴan ƙafafun nan biyu na bayan kilabiye, kwantar da su: ɗaga su na sa wuyan hannu ya ɗage. Kar ka danne wuyan hannu kan gefen tebur kana bugu. Lokacin hunturu ka rufe shi da ƙyalle, ƙura ke sa madannai tauri. Duk rabin awa ka tashi ko na minti biyu ne. In kuwa yatsu na sagewa har su tashe ka barci, wannan ba maganar kasuwa ba ce, ta likita ce.

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, kuma ƴan'uwanmu masu Kanuri, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek su ma suna da haruffan da allon bai sani ba. Amma ko me aka rubuta a doka, wani ne zai zauna ya buga takardun. Mu ne, ko ƙannenmu da ke wuraren sezi. In an buga su ba lanƙwasa, da hannu mai ciwo, an maimaita aikin komin 1920 ne da sabon inji.

Jami'armu na ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin nan da ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, da Faransanci, don shi ne abin da zamaninsa ya miƙa masa. Namu zamanin ya miƙa mana fiye da haka. Shawarata ga ƙungiyarmu ƙarama ce: kafin fitowa ta gaba, kowa ya sa jerin Hausa a na'urarsa, wanda ya iya ya koya wa mai yi mana sezi, mu kuma duba tsawon teburin da take zama. Almajirin da ke bakin masallacin Birni ba ya fara rubutu sai ya fiƙe alƙalaminsa. Mu ma mu fara daga nan.